Kyarkecin da Aka Raina: Bitar Littafin Rick McIntyre

Littafin Rick McIntyre mai suna The Rise of Wolf 8, wanda kamfanin Greystone ya buga a 2019, tarihin kyarkeci guda ne, daga ƙuruciyarsa har mutuwarsa, shekara shida ke nan duka-duka. Kyarkecin da ake magana a kansa ba irin na dajinmu ba ne, wancan mai dabbare-dabbare da fankama-fankaman kunnuwa. Ɗan'uwansa ne na nesa, babba, mai kaurin gashi, mazaunin ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufewa wata da watanni. Na daɗe da littafin nan a kusa da ni, ina ajiye shi ina komawa gare shi, kuma abin da ke jawo ni kullum shi ne tambayar da ke kwance a ƙarƙashin kowane babi: a cikin garken namun daji masu kisa da haƙori, wa ke shugabanci, ta yaya ya same shi, kuma me yake yi da shi?

Sai an san marubucin kafin a san darajar littafin. McIntyre tsohon ma'aikacin gandun daji ne a Amurka. Ya yi shekaru a gandun Denali da ke Alaska, sannan ya koma gandun Yellowstone a 1994, aikinsa shi ne yi wa masu ziyara bayanin kyarkeci tun kafin a ga ko guda a wurin. An ƙarar da kyarketan gandun tun 1926, da bindiga da tarko da guba, kuma hukuma ce da kanta ta jagoranci aikin. A watan Janairun 1995 aka kawo guda 14 daga lardin Alberta na Kanada, shekara ta zagayo aka ƙaro 17 daga British Columbia. Tun daga nan mutumin nan ya ɗauki madubin hangen nesa ya tsaya a gefen titin kwarin Lamar da ke cikin gandun, yana fita tun kafin gari ya waye. Daga Yunin 2000 zuwa Agustan 2015 ya fita kwana 6,175 a jere, babu fashin rana ɗaya, kuma a farkon 2019 lissafin ganin da ya yi wa kyarketai ya kai 100,000. Gani ya kori ji. Duk wanda zai yi jayayya da shi, kuma ni ma zan yi a wasu wurare, dole ya fara da sara wa wannan haƙuri.

Abin da ya sa haƙurin ke da muhimmanci shi ne yadda duniya ta fara fahimtar mulkin kyarketai a karkace. A 1947 wani masani mai suna Rudolf Schenkel ya wallafa abin da ya gani a gidan namun daji na Basel, a ƙasar Suwizalan, inda aka tara kyarketan da ba dangin juna ba a ɗan ƙaramin shinge. Baƙin juna da aka kulle wuri guda babu hanyar fita, me za su yi in ba faɗa ba? Daga nan aka samo hoton da ya zauna a zukatan mutane: namiji mafi ƙarfi yana danne kowa, na ƙasa suna jiran ranar da za su kifar da shi. Littafin L. David Mech na 1970 ya yaɗa wannan fahimta da laƙabin alfa, wato shugaban garke. Shi kansa Mech ɗin ne ya zo ya gyara a 1999, bayan ya yi lokutan zafi 13 yana zama kusa da wani garke a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada. Ya ce a daji garke iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu na shekaru biyu ko uku, kuma a duk zamansa bai taɓa ganin an yi faɗan ƙwace shugabanci ba. Uba ya zama shugaba ne don ya haifa. 'Ya'ya idan sun girma sukan fita su nemi abokan zama su kafa nasu gidan.

Mech ya faɗi wannan a taƙaice, da harshen masana. McIntyre ya zo ya sa wa maganar tsoka da jini, ya kuma nuna inda ta fi haka sarƙaƙiya, domin a Yellowstone abinci ya yi yawa, garkuna sun yi girma, kuma an fara tarihin ne da dabbobin da aka ɗebo daga wurare daban-daban.

Kyarkecin da masu bincike suka ba lamba 8 ya zo ne cikin rukunin farko, tare da uwarsa da ubansa da 'yan'uwansa maza uku. Su ukun baƙaƙe ne, manya. Shi kuwa mai ruwan toka ne, kuma shi ne ƙaraminsu a jiki. An ajiye su kimanin mako goma a shingen waya mai faɗin eka ɗaya a Crystal Creek don su saba da ƙasar kafin a sake su, kuma masu kai musu nama sun ga yadda 'yan'uwan ke bin sa suna dannewa suna cizo, shi ne na ƙarshe wajen ci. Na lura da wani abu a nan wanda marubucin bai tsaya ya ja layi a ƙarƙashinsa ba: wahalar da 8 ya sha mafi tsanani ta faru ne a cikin shinge, wato a irin yanayin da Schenkel ya yi nazari. Da aka buɗe ƙofa labarin ya sauya.

Wurin farko da na ji littafin ya kama ni shi ne wata yamma ta watan Mayun 1995. McIntyre yana kallon 8 da biyu daga 'yan'uwansa suna wasa, suka shige cikin bishiyoyi, can sai ga su sun fito a guje, ɗaya riƙe da gawar ɗan elk, wata irin babbar barewa da ita ce yawancin abincinsu. A bayansu ga beyar, irin ƙaton nan da ake kira girizili, wanda suka ƙwace wa nama. 8 ne a baya, beyar ya kusa cim masa. Sai ya tsaya, ya juyo, ya fuskanci dabbar da ta ninka shi nauyi sau da yawa. Beyar ya ja birki, suka yi kallon-kallo, daga baya ya juya ya tafi. 'Yan'uwan sun riga sun yi gaba. Yadda aka rubuta wurin nan shi ne salon littafin gaba ɗaya: jimloli gajeru, abu bayan abu kamar yadda ido ya gan su, babu ƙawa. Da farko na ɗauka ƙarancin gwaninta ne kawai na mai rubutun rahoto, amma da na yi nisa sai na ga amfaninsa. Mutumin da bai yi maka ado a ƙananan abubuwa ba, idan ya gaya maka babban abu za ka yarda da shi.

Babban abin kuwa yana tafe. A wani shingen, na Rose Creek, an haɗa wata mace mai lamba 9 da wani ƙaton namiji mai lamba 10. Bayan an sake su suka fita daga gandun suka nufi wajen garin Red Lodge a jihar Montana, inda a watan Afrilu wani mutum ya harbe 10, laifin da kotu ta hukunta shi a kai daga baya. A daidai kwanakin nan 9 ta haihu, 'ya'ya takwas, ita kaɗai, a ƙarƙashin bishiya, ba ta ko samu ta haƙa rami ba. Ma'aikata suka kwaso ta da 'ya'yan suka mayar da su shinge, suna ciyar da su har kaka. Tambayar da ke damun kowa ita ce yadda uwa guda za ta ciyar da baki takwas a hunturun wurin. A watan Oktoba, da aka zo sakin su, sai aka tarar da 8 a wajen shingen. Shekararsa ɗaya da rabi. Ya riga ya haɗu da wasu daga 'ya'yan da suka sulale waje, yana wasa da su, ya kawo musu abinci. 9 ta karɓe shi, kuma daga ranar ya zama maigida, da agololi takwas da bai haɗa jini da ko ɗaya ba.

Na tsaya na daɗe a wannan babi, domin a nan ne tsohuwar fahimta ke rushewa ba tare da an yi mata wa'azi ba. Ga namiji ya zama shugaban garke bai ciji kowa ba. Abin da ya ba shi matsayin shi ne gurbi da ya samu a buɗe, da yardar mace, da kuma aikin da ya ɗauka. McIntyre ya bayyana yadda ɗan kyarkeci ke lasar bakin babba, shi kuma babban ya amayo masa naman da ya ɗauko a cikinsa daga inda aka yi farauta, wani lokaci daga nisan mil da yawa. Wanda ya amsa wannan lasar ya shiga aikin uba. A zakuna, namijin da ya karɓi garke yakan kashe 'ya'yan wanda ya gada. A nan ga wanda ya rene su. Kuma daga zuriyar 9 ne kaso mai yawa na kyarketan gandun na shekarun farko suka fito, don haka abin da ɗan ƙaramin nan ya yi ya shafi nasarar shirin baki ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka littafin ya share ƙarfi daga lissafi. Bai share ba, kuma wannan na cikin gaskiyarsa. A rukunin 1996 akwai garken da aka sa wa suna Druid Peak, mai gidansu lamba 38, ƙato ne wanda littafin ya ce ya yayyaga kejin ƙarfen da aka ɗauko shi a ciki. A watan Mayun shekarar suka auka wa garken Crystal Creek suka kashe uban 8. Wata guda bayan haka, a Yuni, kusa da rafin Slough, 38 ya jagoranci nasa suka gangaro daga tudu kan iyalin Rose Creek. 8 ya baro 'ya'yansa a baya ya hau tudun da gudu ya tare shi. Su biyun duk masu ruwan toka ne, suka sarƙe suna birgima, har ɗaya ya danne ɗaya. Na saman shi ne 8. Ya cije shi iya son ransa, sannan ya ja da baya ya bar shi ya tashi, 38 ya gudu da wutsiya a matse. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana. Abin lura ga mai nazarin matsayi shi ne inda faɗan ya faru: tsakanin gida da gida, a kan iyaka da lafiyar 'ya'ya. Haƙorin da tsohuwar fahimta ta ce maigida na nuna wa na cikin gida, a littafin nan yawanci baƙo yake nuna wa.

Cikin agololin da suka kalli wannan karo akwai wani baƙi mai lamba 21, kuma daga nan littafin ya fara zama na su biyu. Babin da na fi so duka shi ne na bazarar 1997, lokacin da McIntyre ya samu wurin da yake hango ramin haihuwar Rose Creek na tsawon makonni. 21 ya cika shekara biyu, ya fi 8 girma da ƙarfi nesa ba kusa ba. Da lissafin shinge ne, lokacin juyin mulki ya yi. Abin da aka gani shi ne su biyun suna fita farauta tare, sau da yawa ƙaramin a shekaru ne ke gaba, su kayar da elk su dawo su ciyar da masu jego da jarirai. Ba a ga 21 ya ƙalubalanci mijin uwarsa ba. Wanda ya taso a gidan gandu, inda ɗa ƙaƙƙarfa ke riƙe da garma a gaba amma maigida na nan a matsayinsa har ranar da ɗan zai ware ya kafa nasa, zai gane tsarin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ƙananan abubuwan da ke wannan sashe su ne dukiyar littafin. Yadda shugaba ke tafiya da wutsiya a ɗage, na ƙasa kuma ya runtse jiki ya kwantar da kunne ya zo yana lasar fuska. Yadda uwa da uban garke ke yin fitsarin alama a wuri guda, ɗaya bisa ɗaya, su tona ƙasa da ƙafa, saƙo ga maƙwabta cewa gidan nan da masu shi. Yadda mai jego, ko da ƙarama ce, ke iya karɓe nama daga bakin namiji ya ƙyale ta. Sai kuma wasa, wanda McIntyre ya ba shi shafuka masu yawa, kuma ina ganin ya yi daidai. Ya ga 21, wanda a duk kallon da ya yi masa bai taɓa ganin an kayar da shi a faɗa ba, yana kokawa da ɗan jariri ya faɗi da gangan, ya miƙe ƙafafu sama, jaririn ya hau kansa yana kaɗa wutsiya. Ya gan shi ya bar sauran ya je ya zauna da wani ɗan da ba shi da lafiya wanda ya ware gefe. Irin waɗannan ba a samun su da ziyarar mako guda. Sai wanda ya tsaya a sanyi shekara da shekaru, yana rubuta har abin da a ranar bai ga amfaninsa ba.

A ƙarshen 1997 aka harbe manyan mazan Druid biyu a wajen gandun, har da 38, ba bisa doka ba. A watan Disamba 21 ya shiga ƙasarsu shi kaɗai, garken da ake zargi da kashe 'yar'uwarsa a ramin haihuwarta a farkon shekarar. Mai ɗaukar fim Bob Landis ya ɗauki abin da ya faru, kuma daga baya, a 2002, aka wallafa shi a mujallar masana: sa'o'i na kora da dawowa, da tsayuwa ƙyam, da shinshina, da kaɗa wutsiya, har matan da 'ya'yan suka karɓe shi. Ya rene 'ya'yan 38 kamar yadda aka rene shi. Sau biyu ke nan a littafi guda namiji ya hau shugabanci ta ƙofar da mata suka buɗe masa.

A nan ne zan fara auna abin da ya rage wa littafin, kuma na farko ya shafi matan nan. Idan akwai inda aka ga danniya ta gaske a cikin gida, a tsakanin matan Druid ne. Mai lamba 40 ta kori uwarta, ta kori 'yar'uwarta guda, ta tsare ɗayar, mai lamba 42, da duka da cizo ba dalilin da ido ke gani, har masu kallo suka yi wa 42 laƙabi da sunan marainiyar tatsuniyar Turawa. Ana kyautata zaton 40 ta kashe mata jarirai a rami. McIntyre ya rubuta duk wannan, bai ɓoye ba. Sai dai ginin littafin a kan maza yake: uba, agola, abokin gaba. Alhali shaidar da shi kansa ya tara tana nuna cewa mace ce ke zaɓen wurin rami, ita ke yawan yanke inda za a dosa, kuma a tsakanin mata ne ake takarar wadda za ta haihu 'ya'yanta su rayu. Akwai kuma tambayar da na so ya daɗe a kanta fiye da yadda ya yi: 21 yana nan ana yi wa 42 wannan azaba, bai raba ba. Bayanin da ake bayarwa shi ne matsayin maza daban, na mata daban, kuma namiji ba ya kai wa mace hari. Na yarda, amma wannan yana rage wa hoton shugaba mai kare raunana wani abu, kuma mai karatu ya cancanci a zauna da shi a kan wannan giɓi. Ita ma 9, wadda ta yi jego ita kaɗai a gefen gari, ta riƙe gida shekaru, daga baya 'yarta ta ture ta daga matsayi, ba ta samu rabin kulawar da mijinta ya samu ba.

Na biyu shi ne inda alƙalami ya wuce madubi. McIntyre yana da ra'ayi, kuma yana faɗinsa a fili: 21 ya koyi barin abokin gaba da rai ne daga abin da ya ga 8 ya yi wa 38. Ra'ayi ne mai daɗi, ina so ya zama gaskiya. Amma daga nisan mil guda ana iya ganin wanda ya tsaya a ina, ba a iya ganin abin da ya shiga zuciyarsa. Wataƙila hali ne da ya gada daga ubansa na jini, wanda bai taɓa gani ba. Wataƙila namijin da ya tabbata da ƙarfinsa ba ya buƙatar ƙarasa faɗan da zai iya jawo masa rauni. Haka abin yake a babin da littafin ya kai ƙololuwa, a Janairun 2000, lokacin da garkunan biyu suka yi arangama. 8 ya tsufa, ya rame, amma ya fito gaba ya nufo Druid. 21 na gaban nasa garken, suna tunkarar juna a guje. Da suka zo gab da gab, 21 ya wuce ta gefensa bai taɓa shi ba, na bayansa suka bi shi, aka watse ba a kashe kowa ba. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Abin da ya faru ya isa, kuma shi ya sa nake ganin bayanin da ya biyo baya, na abin da 21 ya tuna da abin da ya yanke a ransa, ya fi ƙarfin shaidar. A yaba masa, yakan ce wannan zatonsa ne, ba ya shigar da shi a rigar hujja. Sai dai zato idan aka maimaita shi sau da yawa cikin murya mai daɗi, mai karatu kan manta cewa zato ne. Kwatancen da yake yawan yi da jaruman fina-finai da gwanayen wasanni ma yana ƙara tura dabbobin cikin rigar mutane, kuma ga wanda bai taso da waɗannan jaruman ba, ba sa ƙara haske.

Akwai kuma lissafin da ya kamata a ajiye kusa da labarin afuwa. A Yellowstone, babban abin da ke kashe manyan kyarketai a cikin gandun shi ne wasu kyarketan, kuma yawancinsu ba sa wuce shekara huɗu zuwa biyar. Wato abin da 8 da 21 suka yi ba shi ne aka saba ba, shi ya sa ma ya zama labari. Binciken da Kira Cassidy da abokan aikinta suka wallafa a 2015, a kan faɗace-faɗacen garkunan gandun na shekaru 16, ya nuna yawan kai ne ke fara yanke nasara, sannan garken da ke da tsoho mai shekara shida ko fiye yana da rinjaye ƙwarai. Wannan ya goyi bayan McIntyre ta wani gefe, domin ya nuna gogewa na da nauyi ko bayan haƙori ya dushe. Ta wani gefen kuma yana tunatar da mu cewa makomar garke ba a kan gwarzo guda take rataye ba. Marubucin ya riƙe laƙabin alfa daga farko har ƙarshe, kamar yadda masu kallon Yellowstone suka saba, kuma Mech da kansa ya bar wa kalmar gurbi a manyan garkunan da mata da yawa ke haihuwa, irin Druid. Duk da haka na so a ce an ware shafi biyu an gaya wa sabon mai karatu wannan tarihi, don kada ya shigo da tsohon hoton a kansa ya fita da shi.

Ƙaramin ƙorafi na ƙarshe na tsari ne. A tsakiyar littafin iyalin Rose Creek sun koma inda ba a hango su daga titi, saboda haka wanda aka sa wa littafin sunansa ya ɓace na babi da yawa, labari ya koma na Druid. Lambobi kuma sukan taru su yi yawa, 31 da 38 da 39 da 40 da 41 da 42, har sai mutum ya riƙa komawa jadawalin dangi da taswirar da aka sa. Wasu shafukan littafin aikin yau da kullum ne tsantsa: sun tashi, sun bi elk, ba su kama ba, sun kwanta. Ban ƙi wannan ba gaba ɗaya, domin yawancin farautar kyarkeci a banza take ƙarewa, kuma littafin da ya nuna nasara kaɗai zai yi ƙarya. Amma edita mai ƙarfin hali zai iya rage wani abu ba a yi asara ba.

An tsinci gawar 8 a watan Yunin 2000 a cikin rafin Slough, maƙale a ƙarƙashin itace. Abin da aka fi zato shi ne elk ce ta harbe shi a ka yana farauta a cikin ruwa, ya nutse. Da aka duba ƙoƙon kansa aka ga haƙoransa sun kakkarye, wasu sun zube, muƙamuƙin ya sha rauni iri-iri. Da wannan bakin yake kama dabbar da ta ninka shi nauyi sau da yawa don ya ciyar da gida. A ganina wannan shafi ya fi duk wani sharhi bayyana abin da shugabanci ke ci a jikin mai shi, kuma McIntyre ya rubuta shi da kamun kai, ya bar ƙashin ya yi magana.

Wanda zai karanta, ina ba shi shawara ya haɗa da littafi na biyu, The Reign of Wolf 21, na 2020, domin a can ne aka biya bashin matan da na ambata. A can ne za a ga yadda a watan Mayun 2000 matan Druid suka haɗu suka yi wa 40 raunin da ya kashe ta, yadda 42 ta kwashe nata jariran ta kai ramin marigayiyar ta rene su tare da 'ya'yan wadda ta azabtar da ita, da yadda a ƙarƙashinta da 21 garken ya kai kai 37 a 2001, ɗaya daga mafi girma da aka taɓa ƙirgawa. Marubucin ya ci gaba har ya keɓe wa shugabancin mata littafi sukutum a 2022. Amma a fara da na 8, a karanta shi a hankali, da yatsa guda a kan jadawalin dangi.